Rigar Jelani

A Tsohuwar Kasuwa na tsinto ta,
ƙarƙashin tulin gwanjo, hannun wani dillali
da bai san abin da yake riƙe da shi ba.
Saƙi ce, mai ɗigon zabo,
aska takwas a ƙirji, tambari a baya,
shuni ya koɗe a kafaɗa inda rana ta saba sauka.
Cikin aljihu, da zaren tsamiya,
an ɗinka suna da ajami: Jelani.

Abokaina dariya suke mini.
Su shadda suke so mai ƙyalli, aikin inji,
ni kuwa haɓar-kada da wandon buje,
duk abin da asu ya ɗanɗana ya bari.
Sun ce na yi kama da hoton kakan wani.
Na ce to, a rataye ni a bango.

Ranar Alhamis, bayan la'asar,
na zura ta, na nufi tsohuwar maƙabarta,
can inda ganuwa ta gaji ta zauna.
Na yi sallama.
Kurciya kaɗai ta amsa daga kan aduwa.

Nan babu allo, babu suna,
tudu ne bayan tudu, da fasassun tuluna,
wasu sun kwanta har sun zama hanya.
Ina tafe ina ƙiyasi:
wannan ƙila majemi ne, ya tafi da jan tafi,
wannan marini, wancan mai bugu,
wancan ya sha ɓata hantsi yana gyaran rawani.
Ga su duk cikin fari,
ba wuya, ba aljihu, ba wanda ya fi wani guga.

Sai ƙaya ta cafke ni.
Ƙyat! Gefen riga ya yage, tsawon ɗan yatsa.

Modi mai gadi ya taso daga inuwa
yana jan ƙafa ɗaya.
Bai dube ni ba, rigar ya duba,
ya ja ƙirjinta har bakin idonsa.
"Wanga aikin bahago na.
Dubi aska ta bakwai, ta karkace.
Da gangan shi ka yi.
Shi kan ce cika ta Allah ta."

Na ce, "Baba, ka san shi?"
"Shekara tara niy yi ina sa mai zare ga allura."
"To ina kabarinsa?"
Ya nuna gabas da haɓa,
ya yi jim, ya nuna arewa.
"Tsakanin aduwa da gawon can.
Damana arba'in ta bi ta kai, yaro,
ƙasa ba ta riƙon suna."

Ya zaro allura daga naɗin hularsa.
Na miƙa masa gefen rigar, ya girgiza kai.
"Tuɓe. Ba a ɗumki ga jikin mai rai."

Haka na zauna daga ni sai singileti
a tsakiyar mutanen da suka gama tuɓewa,
riga a kan gwiwar tsoho
kamar ɗan da ya dawo daga doguwar tafiya.
Yatsunsa na rawa, amma allura ba ta ɓata hanya.
"Yanzu likkahwani ni ka ɗumki," in ji shi,
"babu mai maido shi ya ce ya matse."

Ladan ya ɗaga murya daga cikin gari.
Na laluba aljihu, ya ture hannuna.
"Ƙulhuwa goma sha ɗaya. Nashi na, ba nau ba."
Na karanta ina fuskantar fili,
duk wanda ta faɗa wa, ya raba da maƙwabta.

Sai a gida, ƙarƙashin fitila, na lura:
farin zare ya sa mini,
ragowar na likkafani,
ɗan layi siriri a kan baƙar saƙi,
shi ma a karkace.

Jumma'a da ta zagayo, a bakin masallaci,
Ɗanjeka ya taɓa wurin, ya ce,
"Kai a cire maka wannan, ya ɓata rigar."
Na gyara kafaɗa, na ce masa ya matsa,
ana tayar da sahu.