Bashin Nomau

Shekara talatin ina auna aya a kasuwar Maradi,
lissafina na cikin kaye mai jan bango,
bik a bayan kunne,
abin da na manta, mai ɗakina ta tuna mini da safiya.

Sai Zuwaira ta zo hutu daga jami'a,
ta ɗaga kayen da yatsa biyu kamar mushen ɓera,
ta ce: Baba, gara ta ci rabin bara,
man gyaɗa ya shanye rabin bana.
Kawo nan.
Na miƙa mata waya.

Dare biyu tana latse-latse, rezo na zuwa yana gudu,
har ta zaunar mini da wani yaro a ciki,
ba ya barci, ba ya cin tuwo,
ba ya neman kuɗin kabu-kabu, caji kawai.
Ƙarfe bakwai ya yi tsuwa: buɗe rumfa.
Ƙarfe tara: motar Ɗan Isa, buhu ashirin.
Azahar: maganin hawan jini.
Har ranar biyan patanti ya riƙe daram,
ni da na saba rantsuwa da mantuwa,
yau ba ni da rataya ko ta ƙaramar ƙarya.

In na gama aiki in taɓa ɗan akwati,
ya koma kore, ya ce madalla.
Ni mai furfura har a gira
na tsinci kaina ina jiran yabon waya.
Illa mai shayi ya ce: ka yi sabon ubangida,
ba albashi, kai ke saya masa forfe.
Layin rumfuna ya kwashe da dariya.

Ban ƙi gaskiya ba, ya yi mini rana.
Ya tono tiya bakwai da ke zurarewa duk mako,
ya nuna mini masu "gobe" tun azumin bara.
Na bar ɗaga murya:
in juya musu fuskar waya, su sosa ƙeya, su biya.

Layi guda ne dai.
Kowace Juma'a, bayan la'asar:
Nomau mai amalanke, jika uku da rabi.
Yadda ta gan shi a kaye haka ta kwafe,
ina za ta sani?
Nomau ya tafi da damina, zazzaɓin kwana huɗu,
kafaɗata na cikin masu ɗaukar makara.
Na naɗe kunnen shafinsa tun ran nan, ban ƙara buɗewa ba.
Takarda na da kunya,
ka rufe ta, ta yi shiru.
Wannan yaro ba a koya masa gaisuwar mutuwa ba.
Juma'a ta zo: Nomau bai biya ba.
Wata ta zo, ya shafa wa sunan ja.
Tara cikin goma, in ji shi, saura ɗaya.

Na kira Zuwaira.
Ta ce: danna ka riƙe, kwandon shara zai fito.
Na ce: mutumin da ya yi dakon buhunana shekara goma sha biyu
ba a jefa shi a shara.
Ta ce: to taɓa akwatin, ya zama an biya.
Na ce: ba a biya ba.
Ta yi jim. Muna jin numfashin juna, kuɗi na tafiya.
Duk wanda ya ƙera abin nan ya yi ƙoƙari,
ya sa wurin ɗagewa, ya sa wurin gogewa,
ya manta wurin yafiya.

Daren nan kuran ya ɗauke.
Na zauna da tocila da babban yatsana mai kaushi,
ina goge harafi, ina kuskure, ina sakewa.
Sunan na bar shi inda yake.
Kuɗin na cire,
na rubuta: Bagalam, gidan Nomau, hatsi tiya ɗaya.

Yanzu in ya yi tsuwa sai in ɗaure leda a bayan moto.
In na dawo in taɓa, ya yi kore.
Mako ya zagayo, ya sake fitowa
kamar bai ga na jiya ba.
Ban gyara masa ba.
Bar shi ya yi ta tambaya.