Gudaji

Ƙarfe huɗu bai cika ba, Dandi ta kunna fitilu.
Kogin Tay ya koma launin tsohuwar tukunya.
Ni ina hawa na uku, hannu cikin safar roba,
da 'yar kwalba a kwanon ƙanƙara:
ɓargon wani da ban san sunansa ba,
lamba kawai aka liƙa masa, bakwai, ɗaya, tara.

Ruwan ciki kamar na wankin shinkafa.
Ɗaga shi ga fitila, ka rantse ba kowa,
alhali ƙwayoyin rai miliyan goma ke iyo,
wasu su kaɗai,
wasu sun rungume juna sun ƙi saki.

Morag mai kula da na'ura ba ta doguwar gaisuwa.
Tambayarta guda ce, ko kallona ba ta yi:
Kin tace?

Wata Talata, shekarata ta fari, na ce mata e.
Ban tace ba.
Bas ɗin biyar da kwata nake hange.
Minti shida na'ura na ƙirga lafiya,
sai zaren ruwan nan mai tafiya sak
ya karkace, ya yi feshi kamar tsartuwa,
allo ya cika da ƙura.
Morag ba ta ɗaga murya ba.
Ta kwance bakin allurar, ta jefa a ruwan wanki,
ta ce, da safen nan aka huda ƙugun mutum
domin abin da ya zube ɗin nan.
Har yau in na tuna, kunnena zafi yake.

Yanzu ga yadda nake yi.
Murfi shuɗi, raga a tsakiya,
idonta mikiron talatin da biyar.
In jiƙa ta tukuna, busasshiyar rariya rowa gare ta.
Sai ɗigo. Sai jira. Sai wani ɗigon.
Ba a matsawa.

Nan hannuna ke gardama da ni,
don a Funtuwa ya yi karatu,
wurin Gwaggo Tabawa mai koko,
wadda ke murɗe ƙyallen gasara tun asuba
har jijiyar damtsenta ta fito,
tana cewa ragon tata shi ke sayar da tsaki.
Dusar ma ba ta zubarwa, ta awaki ce.
Gwaggo, nan in na matsa na kashe su.
Nan kuma ba akuya,
sai bokiti mai ruwan ɗorawa da alamar haɗari.

Can gaba ƙofa ce, ba ta fi silin gashi ba,
kowa shi kaɗai zai ƙetare.
Shuɗin haske ya tambaye shi, wane ne kai?
ya amsa da kore ko da ja,
a karkata shi dama, ko hagu,
ko a bar shi ya faɗa ramin tsakiya,
dubu ashirin kafin in ƙifta ido.
Biyu in sun zo manne, ƙarya za su yi wa hasken
ba da niyya ba.

Sau ɗaya na juye abin da raga ta hana
a kan gilashi, na leƙa ta madubi.
Na zaci datti zan gani.
Ashe masu rai ne, zagaye, suna sheƙi,
sun kewaye guda da ta fashe,
yauƙin cikinta, kamar na kuɓewa,
ya ɗaure su duka a wurin makoki.
Na daɗe a sunkuye.
Wata tara ke nan ban ga kabarin Gwaggo ba,
ni da na wuce ta kowace ƙofa ni kaɗai, da fasfo a hannu.

Na jefa gilashin a bokiti.
Yayyafi ya soma a taga.
Na ɗauki kwanon ƙanƙara, na bi baranda,
na tura ƙofa da kafaɗa.
Morag ta buɗe baki.
Na ce, na tace.