Jerin Sunaye

Rijiya arba'in da bakwai na leƙa a Aboabo,
daga wannan damina zuwa waccan.
Kwalabe na kaɗawa a jakata cikin trotro,
har wata tsohuwa ta tambaye ni ko tsimi nake sayarwa.

Daren da aka ɗauke wuta, firji ya yi shiru,
ni na keta Kejetiya ina cigiyar ƙanƙara,
kada ruwan mutane ya lalace
kafin ya faɗi abin da ke cikinsa.

Yau takarda ta fito.
Farfesa Amankwatia a gaba, da babban baƙi.
Sai shugaban sashe, wanda ya ara mana mabuɗi.
Sai wani bako na ƙetare
da ya ci fufu da mu sau ɗaya, ya ce da daɗi.
Ni ce ta huɗu, Zinatu,
an ma cinye mini harafi guda.

Kura da shan bugu, in ji Inna,
sauran karin maganar ta bar shi a cikin tukunya.

Ba zan yi masa ƙarya ba.
Shi ya roƙo kuɗin, shi ya san ƙofar.
Da jan biro ya kashe sakin layi uku
waɗanda na so, kuma sun cancanci mutuwa.
Ya ce: 'Yata, suna kamar hatimi ne,
ba shi, edita ba ya buɗe ambulan.
Mu ma haka aka yi mana.
Ya faɗa yana murmushi, kamar mai miƙa gado.

Amma bai san warin rijiyar gidan Alhaji Seidu ba,
bai ga yaron da ke sha daga gugar ba.

Na buga kwafi ɗaya, sidi shida,
na kai wa Baba Gariba mai gyaran famfo,
wanda ya san kowace rijiya da sunan wanda ya haƙa ta,
wanda ya riƙe mini igiya wata goma sha ɗaya.
Ya goge hannu a wando, ya karɓa da hannu biyu.
Ba ya karatun boko.
Ya ɗora yatsa a saman shafin, ya ce:
Nuna mini inda nake.

Na duba sama, na duba ƙasa,
har wurin godiya, wanda ni na rubuta.

Ladan ya kira la'asar.
Yatsansa na nan, bai ɗaga ba.