Takalmi a Ƙarƙashin Bargo

A Dundee ruwa ba ya sallama,
sai dai ka ji shi a wuyan riga.
Ran Talata, goma saura kwata,
na tarar da Lachlan a bakin ƙofa,
shekara tara, gidan riƙo na huɗu,
yana ƙirga tayil da ƙafar hagu.

An rubuta a fayil: "Yaro mai taurin kai.
Da takalmi yake kwana. Ya ƙi cirewa."
Uwar riƙonsa ta gaji da wankin zanen gado,
ban ga laifinta ba.
Amma ni na san wannan takalmi.
Na kwana da irinsa.

Ina 'yar bakwai aka zo mana da dare,
a benenmu na Lochee, hawa na shida.
Shuɗiyar fitila tana lasar bango,
uwata a ƙasan kicin tana kiran sunan da ba nawa ba.
'Yar sanda ta sungume ni da rigar barci,
ba wanda ya tuna ina da ƙafa.
Na taka titi da tafi tsirara,
har yau, in sanyi ya sauko, ta nan yake fara gaishe ni.

Ƙanwata Mhairi aka sa a wata motar.
Aka ce, gobe.
Goben nan sai da ta shekara goma sha ɗaya
kafin ta iso, da haƙoran manya da sunan wasu.

Gida tara na zaga.
Na koyi karanta gida ta ƙarar cokali,
ta yadda ake rufe firji.
Na iya godiya tun ba a ba ni ba,
da ban haƙuri tun ban yi laifi ba.
A Broughty Ferry ne kaɗai wata tsohuwa, Misis Ogilvie,
ta ga takalmin, ba ta ce uffan ba,
ta shimfiɗa tsohon tawul a ƙarshen gado.
Wata biyar muna haka.
Wata safiya na farka, na ga yatsuna.

Da na cika talatin na karɓo fayil ɗina.
Shafi ɗari shida, rabi an shafe da baƙin tawada.
Likita ya faɗi tasa, malami, maƙwabci, alƙali.
Na bi shi bango zuwa bango,
ban ga inda aka tambaye ni ba.

Shi ya sa yau nake kujerar kusa da yaron.
Mutum uku a bayan tebur, kwalbar ruwa, agogo.
Mutanen kirki ne, ba zan yi musu ƙazafi ba,
amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Na ce: ku ajiye biro.
Kafin ku yanke, ku tambaye shi.

Shiru ya yi tsawo har na ji motar bas a waje.
Lachlan ya dubi igiyar takalminsa, ya ce:
"In an zo da dare, Struan bai iya gudu ba.
Ni zan goya shi."

Struan yana wani gari tun bara.
Ba wanda ya dubi wani.
Shugabar zaman ta jawo takarda,
ta tambayi yadda ake rubuta sunan.

Muka fito. Ruwa bai fasa ba.
Igiyar ƙafar hagu ta kwance, tana jan laka.
Na gani, ban ce a ɗaure ba.
Shi ma ya gani.