Ƙofar Baya

Shekara talatin da ɗaya ina kai musu wasiƙa,
a kan jan keke, jaka a kafaɗa,
ta ƙofar baya, inda ake zubar da ɓawon dankali.
Na san sunan kowane memba tun ban san fuskarsa ba,
na san wanda banki ke rubuta wa da jar tawada,
ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ta kan katanga nake leƙen filin golf ɗin:
ciyawa kwance lumui kamar an bi ta da dutsen guga,
tutoci goma sha takwas na karkarwa a iskar Tekun Arewa.
Na ce wa Ishbel, ranar da na ajiye jakar nan
sai na taka wurin can da sanda a hannu.
Ta ce, fara gyara mana famfo tukuna.

A watan Maris na yi ritaya.
Suka ba ni agogo, yanzu da ba inda nake sauri.
Na sayo sanduna na hannu a kasuwar Dunbar,
jakarsu na warin ɗakin ajiyar wani mamaci.

Sakataren kulob, Mista Kinnaird, a tsaye ya karɓe ni.
Sai membobi biyu sun tsaya maka, in ji shi,
waɗanda suka san ka shekara biyar.
Na ce, ai duk sun san ni.
Ya ce, sani suna ya tara.
Sannan ga layin jira, shekara tara,
sai fa in wasu sun yi gaggawar tafiya.
Na ƙirga da yatsu: saba'in da biyar ke nan.
Gwiwata ta hagu ta yi dariya.

Wasiƙa goma sha ɗaya na rubuta.
Ni da na raba wa gari saƙo rabin rayuwata
na koma mai tsayuwa a taga da ƙarfe tara,
ina jiran yarinyar da ta gaje ni
ta wuce a motarta, ta ɗago min hannu kawai.
Amsa biyu suka zo.
Ɗaya ta ce in yi haƙuri.
Ɗaya ta kuskure sunana.

Sai wani dare waya ta yi ƙara.
Elspeth Garvie ce, ta gidan kan tudu,
wadda nake hawa wa da ƙunshin magani ko ƙanƙara ta kai gwiwa.
Ina da damar kawo baƙo sau shida a shekara, ta ce,
tun rasuwar Torquil ban taɓa ko ɗaya ba.
Talata, ƙarfe bakwai. Ka sa riga mai kwala.

Da muka isa, ƙafafuna da kansu
suka karkata wajen ɓawon dankali.
Ta fizgo hannun rigata.
Ƙofar gaba ta fi yadda na zata nauyi.

Bugun farko iska na sara.
Na biyu ya kai ƙwallon cikin ƙaya.
Na shiga ramin yashi, na daɗe kamar mai haƙar rijiya,
ita kuwa, da shekara tamanin da ɗaya,
tana rubuta kowane bugu da guntun fensir, ba ragi.

A rami na sha ɗaya, daga kan tudu,
na hango katangar, da titin,
da ɗan gurbin da nake jingine keke.
Ashe ƙaramin wuri ne haka.
Motar gidan waya ta gifta,
na ɗaga mata sanda, ba ta gan ni ba.

Ɗari da goma sha takwas, in ji Elspeth.
Ta naɗe takardar, ta cusa min a aljihu.
Saura biyar. Ka nemi mai koya maka.

A gida Ishbel ta dubi yashin da ke takalmina,
ta zuba min shayi, ba ta tambaye ni komai ba.
Bayanta famfon yana ɗiga,
ɗis, ɗis, cikin tsohon kwano.