Dabinon Ɓaidu

Liman ya ce shekarunka ɗari da uku.
Da kana ji da ka musa,
ka ce a ƙara bakwai ɗin hanyar gabas
da ka ci a inda babu mai ƙirga maka.
Mun dai kai ka ranar Laraba bayan la'asar,
muka dawo ba kai, ta gindin tsamiya.

Kana ɗan sha biyu
aka aike ka Ringim sayo kanwar kwabo.
Jirgin Nguru ya yi kuka a tasha,
ka ɗare kan buhuna.
Sai bayan damina uku kanwar ta iso gida.
Ka durƙusa, ka ce, "Inna, ga aike, kasuwar ce da nisa."
Ta ɗaga muciya,
hannun ya ƙi sauka, ta ɓuge da kuka haɗe da dariya.

Ka yi su a Tafkin Chadi,
kada ya karɓi ƙaramin yatsanka kuɗin fito.
Ka ɗauki goro a ka daga Kumasi.
Ka iya cewa "ina jin yunwa" da harshe biyar,
amma "na ɓata" ko da Hausa ba ka iya ba.
Wai hanya ba ta ɓatar da mutum,
sai dai ta nuna masa wani gefen duniya.

Makka kuwa da ƙafa ka je ta.
Jakinka ya mutu kafin Lami, ka yi masa kuka kamar ɗan'uwa.
Ka tsinci auduga a Sudan har farcenka ya dare,
ka yi amai cikin jirgin katako
tun daga wannan gaɓa har waccan ta Bahar Maliya.

Iya Tasalla ta ce iska ta aura.
Duk da haka kowane dare sai ta rufe akushinka da faifai,
da safe ta ɗumama wa yara.
Ran da ka dawo ba ta ce maka sannu ba,
ta ce, "Wanke hannu, tuwon ya huce."
Tsarabarka ke nan: akwatin kwano, tari,
da ƙwallon dabino huɗu a bakin rawani.
Aka ce mai shuka dabino ba ya cin 'ya'yansa.
Ka tona rami ka zuba, bayan rijiya.

Shekara arba'in kana ci kana tofar da ƙwallo
wajen ƙofar waɗanda suka faɗa.

Ni kuwa "ɓarawon matata" kake kirana.
Ka ɗora ni bayan keke zuwa Gujungu ran Lahadi,
kana da casa'in, birki babu,
muka faɗa gonar rogo,
ka tashi kana kakkaɓe riga,
ka ce kada in faɗa a gida, a bar ta tsakanin maza,
ga tsire toshiya.

Da ido ya tafi, ƙafa ta bi shi,
tafiyarka ta koma taku ashirin,
daga ɗaki zuwa inuwar dabino.
Ko ita sai ka ce, "Ɗauko guzuri, yaro, za mu yi nisa."
Daren ƙarshe ba ka yi zancen gado ba.
Ka tambaya ko kogi ya kawo,
ko kwalekwale na iya tafiya.

Takalmanka na taya suna nan a bakin ƙofa,
na hagu ya fi cinyewa.
Na zura ƙafa jiya, sun yi mini yawa.
Dabino ya nuna bana har reshe na rinjaya,
shi muka raba sadakar bakwai.
Na ɓoye ƙwallo ɗaya a aljihu.
Ban faɗa wa kowa ba tukuna,
amma na tambayi lokacin motar safiya.