Akawun Tururuwa

Akwai allo a bakin layinmu a Fagge,
shuɗin fenti, farin rubutu:
Titin Sha'aibu Nagwanja.
Harafi guda ya goge tun daminar bara,
mai shayi na rataye ledar burodi a ƙusar.

Kakana ne.
Shekara talatin da ɗaya yana bayan kanta a banki,
yana lasar yatsa, yana ƙirga fam ɗin wasu,
bai taɓa kwana da kuskuren sisi ba.

A majalisar gari kuwa, mai taurin kai suke ce masa.
Abu biyu ya nema har muryarsa ta dushe:
a bar kankare ganuwa ana yin tubali,
a ba masinja da ƙaramin akawu yini guda
su ma su ga 'ya'yansu da rana.
Ya samu na biyun.
Na farkon, je ka Ƙofar Mazugal ka gane wa idonka.

Amma ni ba wannan mutumin na sani ba.
Wanda na sani, in an yi la'asar
yakan naɗe babbar riga, ya durƙusa a gindin zaure
da madubin ƙara girma, da tsabar gero a tafin hannu.
Ya ɗiga wa tururuwa guda alli a baya,
ya raɗa mata suna Ladi,
ya bi ta kwana goma sha tara
yana rubuta zirga-zirgarta a tsohon littafin ajiya,
shiga a dama, fita a hagu.
Ya ce, "Ka gan ta? Ba ta zauna ajin lissafi ba,
amma rani bai taɓa bin ta bashi ba."
Kakata daga madafi: "Alhaji, mutane na kallo!"
Ya ce, "Su matso, akwai wuri."

Ran da aka kafa allon, jawabi bakwai aka yi.
An ce gwarzo, an ce bango, an ce giwa.
Ba wanda ya ce tururuwa.
Aka sha lemo, aka watse kafin magariba.

Na tsaya ni kaɗai.
A gindin ƙarfen, inda siminti ya tsage,
ga su nan a jere, ba mai ture wata,
kowacce da ɓurɓushin cincin a ka,
za su kai ajiya.

Na bi bayansu da ido, ɗaya bayan ɗaya.
Na san babu alli.
Na dai duba.